Jiniyar Ƙarfe Goma a Waƙar Merv Tolley

Shugabar wannan taro, Uwargida Bev Anstey. Gwaggo Marj da sauran dattawan masu asalin ƙasar da muke tsaye a kanta, waɗanda suka riga mu da waɗanda ke tare da mu. Mai girma magajin garin Kurrabinda, Doug Petrakis, wanda na ga ya riga ya cire kwat ɗinsa, kuma ban ga laifinsa ba. Kyaftin Raelene Quirk da 'yan kwana-kwanarmu na sa-kai, da ke jere can bakin ƙofa da takalman aiki a ƙafa. Mawaƙa da makaɗa da suka taso tun daga Melbourne. Matan kwamitin shayi. Jama'ar gari, maza da mata, manya da yara: ina yi muku barka da yamma, barkanmu kuma da wannan zafi.

Ga baƙinmu da ba su san ni ba, ni ce Glenys Vukovic. Shekara arba'in na yi ina kaɗa jita a bayan Merv Tolley, wancan tsohon da ke zaune a layin gaba da ɗan allonsa a cinya, kuma ni ce na naɗi waƙoƙi goma sha biyun da ke cikin faifan da muka taru don ƙaddamarwa yau.

Ina godiya ga mawaƙan da suka bar ɗakunan naɗinsu masu ɗumi, suka zo rumfar motocin kashe gobara a tsakiyar watan Yuli, lokacin da sanyinmu ya fi tsanani, sanye da riga uku-uku, haƙoransu na kaɗawa, suna rera waƙoƙin Kirsimeti na jatan lande a kan ƙanƙara da yara a bakin rafi. Ba wanda ya nemi ko kuɗin mai. Ina godiya ga matan da suka ciyar da su. Ina godiya ga Tuyet Lam, wadda ke zaune can wurin na'ura, ita ce ta tace sautin a Melbourne, ita ce kuma ta hana ni barci wata biyar, kamar yadda za ku ji.

Iskar arewa mai rura gobarar daji tana kaɗawa tun safe, kowa a zauren nan kunnensa ɗaya yana waje, na sani. Ku yi mini haƙuri, magana uku ce gare ni, ta ukun kuwa tun da na hau dandamalin nan nake neman hanyar da zan kauce mata.

Magana ta farko, dalilin faifan. Motar ruwa ta biyu ta 'yan kwana-kwanarmu ta girmi rabin waɗanda ke hawanta. Bara, a gobarar hanyar tsohon injin katako, ta mutu a kan gangare da mutum huɗu a cikinta, wuta tana tafe a kan bishiyoyin turare, sai da Kyaftin Raelene ta sauka da kanta ta tura. Duk abin da faifan nan ya samo, na sabuwar mota ne. Faifai dubu biyu suna cikin kwalayen da kuke gani jikin bango, a liƙe, ba a buɗe ko ɗaya ba tukuna.

Magana ta biyu, yadda muka yi aikin. Mu mutanen kiɗan mashaya ne. A mashaya muka koyi sana'a, inda babu "a sake", inda in ka yi kuskure a baiti na biyu sai ka haɗiye ka wuce na uku. Shi ya sa muka gindaya wa kowa sharaɗi ɗaya: makaɗa da mawaƙi duk a ɗaki ɗaya, a kunna na'ura, a yi waƙa daga farko zuwa ƙarshe. Ba a naɗar ganga yau a naɗi murya gobe. Wani matashi daga cikin baƙinmu, ba zan faɗi sunansa ba, ga shi can yana sunkuyar da kai, ya ce mini, "Inna, in na yi kuskure fa?" Merv ya ce masa, "Sai jikokinka su ji, ɗana. Mu namu kura-kuran suna nan tun kafin a haifi babanka, har yau ba wanda ya mutu saboda su." Muka yi dariya. Ina alfahari da wannan sharaɗi a lokacin. Ku riƙe shi a zuciya, domin shi ne ya ɗaure ni daga baya.

To, magana ta uku. Kai, bari in sha ruwa.

Kowa a garin nan ya san abin da ya sami Merv. A watan Yuni likitoci suka ce sankara ta kama maƙogwaronsa, kuma sai an cire inda murya take gaba ɗaya. Aka sa ranar Talata ta ƙarshen Yuli. Da ya gaya mini a bayan motarsa, sai na ce, "To, waƙarka ta faifai fa?" Ya dube ni ya ce, "Ke dai, Glen, ba ki da tausayi ko na sisin kwabo. Ana batun yanka ni, kina batun faifai." Sai kuma ya ce, "Sau ɗaya zan iya. In kin ɓata, ke da Allah."

Baƙinmu sun cinye ranar Asabar kaf, Litinin kuma Merv zai kama hanyar asibiti. Saura Lahadi. Ni ce na zaɓi lokacin, ba wani ba. Na ce a haɗu ƙarfe tara da rabi na safe, a ɗaura wayoyi, a sha shayi, a fara. Mu biyar ne a rumfar, dukanmu haifaffun Kurrabinda. Waƙar tasa ce, ya rubuta ta a kan ɗan kwana-kwanan da aka kira ranar Kirsimeti ana shirin zuba abinci, yana cewa iyalinsa su ajiye masa kujera.

Jama'a, na ji mutumin nan yana waƙa dare dubu nawa ban sani ba. Na ji shi a buge, na ji shi da mura, na ji shi ranar da aka binne matarsa. Ban taɓa jin abin da na ji ran nan ba. Muryar ta dushe, tana karce kamar ƙofar rumfa, amma tana tafiya daidai. Da ya zo baitin ƙarshe sai na ga ya gyara tsayuwa, ya ɗaga murya fiye da yadda muka gwada, ya kama kalmar ƙarshe ya ja ta, ya ja ta, ya ƙi saki, har jijiyoyin wuyansa suka miƙe, har mai ganga ya dube ni yana neman inda zai tsaya. Sannan ya saki. Ya ɗauki hularsa ya ce, "Shi ke nan, na rufe shago." Ya ƙi saurare, domin al'adarsa ce tun da can, ba ya jin waƙarsa sai ranar ƙaddamarwa, tare da kowa. Ran Talata aka yi aikin. Tun daga ranar da allo yake magana.

Na saurari naɗin sau uku a gida, na yi kuka sau uku, na aika wa Tuyet. Bayan kwana tara ta kira ni.

Ta ce, "Inna Glenys, waƙa ta goma sha biyu. Mene ne wannan kukan?"

Na ce, "Wane kuka? Muryarsa ce, 'yar nan, ba shi da lafiya."

Ta ce, "Ba muryar nake nufi ba. Wani abu yana kururuwa daƙiƙa arba'in, tun daga farkon baitin ƙarshe. Karnukan maƙwabtana har sun amsa."

Na kunna, ina riƙe da waya, na kasa kunne kamar baƙuwa. Sai na ji ta. Na zauna a ƙasan kicin.

Na ga wasunku sun riga sun dafe kai. I, ita ce. Jiniyar da ke kan rufin rumfar, wadda ake gwadawa kowace Lahadi ƙarfe goma daidai tun kafin a haife ni. A daidai ƙarƙashinta na tsayar da mutumin da ke da waƙa ɗaya tak da ta rage masa a duniya, ranar Lahadi, goma saura. Mu biyar a ɗakin, ba wanda ya ɗaga gira. Wa ke jin jiniyar Lahadi a garin nan? Da ita muke sanin lokacin juya ƙwai a kasko. In ta yi kuka ran Laraba, kafin ta sauke numfashi rabin gari na kan hanya. In ta yi ran Lahadi ƙarfe goma, ko jariri ba ya motsi. Kunnena ya tsallake ta a rumfa, ya kuma tsallake ta sau uku a gida. Sai da aka sami wadda ba a nan ta girma ba.

Na ce wa Tuyet ta cire. Ta ce, "Da kin naɗi muryar daban, da na cire kafin shayinki ya huce. Amma duk a ɗaki ɗaya kuka yi. Tana cikin makirfon ganga, tana cikin na jita, tana cikin nasa. In na kankare ta, da muryarsa zan kankare." Ta gwada mako uku, baiwar Allah. Abin da ya fito kamar mutum yana waƙa daga cikin tankin ruwa.

Na kai wa kwamiti. Kyaftin Raelene ta ce, kuma gaskiyarta ce, "Glen, babu gidan rediyon da zai sa jiniya a iska a watan Disamba. Tsohuwa tana tuƙi ta ji wannan, sai ta faɗa rami." Bev ta ce, "To a cire waƙar, a yi faifai da goma sha ɗaya." Na ce in aka cire ta, a cire sunana. Muka yi ta yi har shayi ya ƙare. Ƙarshe aka bar ta a can ƙarshen faifai, aka buga gargaɗi da jan rubutu a bayan kwali, aka haƙura da rediyo. Sai Raelene ta tare ni a bakin ƙofa ta ce, "Shi fa mai waƙar, kin gaya masa?" Na ce gobe.

Wata biyar ke nan ina cewa gobe. Na je asibiti da maganar a bakina, na same shi da bututu a wuya, ya jawo allo ya rubuta, "Ta yi kyau?" Na ce, "Ta yi kyau." Na je gidansa da miya, na dawo da maganar. Na tsaya a ƙofar gidansa ran Alhamis ɗin nan, injin mota na aiki, na juya. Na roƙi mutum goma sha ɗaya su rufe bakinsu, a garin da ba a iya ɓoye ko sabon aski, kuma suka rufe. Tsoro ne, ba wani abu ba. Ina jin kunya, kuma na gaji da ɗaukarta.

Saboda haka, Merv, da kai nake yanzu, a gaban garinmu, tunda na kasa a bayan ido. Ka ba ni murya ta ƙarshe da Allah ya bar maka, ka ce in na ɓata ni da Allah, kuma na ɓata. Ba zan bari ka fara ji daga lasifika ba. Kwalayen nan shi ya sa suke a liƙe. In ka girgiza kai, ba za a buɗe su ba. Za a sake buga faifan babu waƙarka, ya fito bayan Kirsimeti ya wuce, motar ruwa ta jira wata shekarar, laifin kuma a rubuta shi da sunana. Kwamiti ya yarda da haka jiya. Waƙarka ce, kai ke da iko.

Yana rubutu. Ku yi shiru, don Allah, ku bar shi. Kai, tsoho, wasiƙa kake rubutawa? Bev, taimaka ki miƙo mini allon.

Ga abin da ya rubuta, zan karanta yadda yake. Ya ce: "Ke ce kurma, ba ni ba. Na ji ta tun da ta fara. Me kika zata ya sa na ƙi sakin kalmar ƙarshe? Na rantse sai ta riga ni yin shiru." A ƙasa kuma ya ja layi biyu ya rubuta: "Wa ya ci?"

Wata biyar, ɗan banzan tsoho! Wata biyar kana kallona ina kawo maka miya ina ramewa!

Ku ba ni minti ɗaya.

Na saurari wurin nan ya fi sau ɗari, Merv, na san shi fiye da lambar wayata. Jiniyar tana sauka, tana sauka, ta mutu. Kai kana nan. Daƙiƙa biyu cur, babu ganga, babu jita, babu komai a rumfar sai kai. Kai ka ci.

Doug, ga wuƙa can kan teburin shayi, a farke kwalayen. 'Yan kwana-kwana da ke bakin ƙofa, ku ji da kyau: jiniyar da za ta fito daga lasifikan nan ta watan Yuli ce, kada kowa ya ruga. In ta gaske ce, Kyaftin za ta ɗaga hannu.

Allah ya juyar mana da iskar nan kudu kafin dare. Allah ya sa duk motar da ta fita daga rumfar nan a bana ta dawo da adadin mutanen da ta fita da su. Allah ya mai da baƙinmu gidajensu lafiya, ya saka wa duk wanda ya sa hannu a wannan aiki. Allah ya sa ranar Kirsimeti kowa ya zauna a kujerarsa, a ci abinci da zafinsa, jiniya kuma ta jira Lahadi.

Tuyet, sa ta goma sha biyu, ki ƙure sautin.

Na gode.