A Kaɗa wa Yayana Takensa

Assalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu.

Shugaban wannan taro, Malam Zarami. Mai girma Bulama. Liman da malamanmu. Sarkin Ruwa da masunta. Baba Haladu makaɗi da yaransa. Iyayena mata da ke zaune can bayan zana. Yayyena na ƙungiyar matasa. Jama'ar garinmu manya da ƙanana, ina gaishe ku, ina muku barka da yamma.

Sunana Jannatu, ƙanwar Munzali, wanda kuke kira Giwan Ruwa. Bara na gama firamare, ko a aji kuma idan malam ya ce in tashi in yi karatu muryata rawa take yi. Saboda haka na rubuto abin da zan faɗa a takarda, ku yi mini haƙuri. Na gode wa shugaba da ya ba yarinya dama a taron manya, na gode wa ƙungiya da ta tara mu saboda yayana.

Na ji an ce an taru ne don a rubuta wa masu gidan dambe na Kano, a nemi a sake haɗa yayana da wanda ya kayar da shi a fage, ya rama bayan Sallah, sunan garinmu ya dawo. Ina da magana uku.

Ta farko, ina so in tuna muku yadda yake dawowa gida. Tun mota ba ta sauke shi a Guri ba labari ya iso, kwalekwale su fita tarye, Baba Haladu ya tsaya a mashigi da kalangunsa yana kaɗa takensa har ruwa yana amsawa. Shi kuma ya tsaya a kan jirgi, ya ɗaga hannun nan da jan taru ya gina tun yana yaro. Shekara shida muna ganin haka. Duk wanda aka tambaya a kasuwar Hadeja daga ina yake, sai ya ce daga garin su Giwan Ruwa, ko da garinsu na can gaba da Kirikasamma. Innarmu Yakaka ba ta taɓa zuwa mashigi ba, amma da ta ji kalangu sai ta ɗora tukunyar miyar kifi, ta ce, "Ga mai cin kwano uku nan tafe."

Wata biyar ke nan ba ta ɗora wannan tukunya ba.

Ta biyu, ranar da ya faɗi. Duk kun gani a waya: turmi na biyu, naushi ɗaya, ya kwanta, aka ɗauke shi a hannu. Daga ranar garinmu ya yi mana kara. Masu kallon bidiyon suna ɓoye waya idan na zo wucewa. Mata suna zuwa gaishe da Inna, su tambayi kaji, su tambayi shinkafar fadama, ba mai ambaton sunansa. An yi biki uku a garin nan, Baba Haladu ya kaɗa taken kowa, ya tsallake na yayana. Da na tambaye shi, sai ya ce, "'Yata, in na kaɗa, innarku za ta ji daga ɗaki, zuciyarta ta karye." Abokansa kuma suka ce a bar shi ya huce, kiran waya yanzu kamar tsokana ne.

Na san alheri kuka nufa, wallahi na sani. Amma shiru ma magana ce, kuma abin da ya isa kunnensa a Kano ba shi ne abin da kuka aika ba. Duk Juma'a yana kirana a wayar Inna, tambayarsa ɗaya ce: "Auta, wa ya tambaye ni?" In yi ta lalube in rasa sunan da zan ba shi. Da aka yi bikin Adila, aka tura masa bidiyo, ya saurara daga farko har ƙarshe, ya ce mini, "Har Baba Haladu ya manta takena." Ku kun yi shiru don kuna jin kunyar ɓata masa rai, shi kuma ya ɗauka kunyarsa kuke ji.

Kun san abin da yake yi yanzu? Yana sauke kwalayen busasshen kifi a wata kasuwa a Kano. Yana karanta sunayenku a jikin kwalayen, ya ja hula ya rufe fuska kada direban garinmu ya gane shi. Ya ce ƙamshin kifin ne ya fi damunsa.

Ta uku ita ce mai nauyi, don ya hana ni faɗa. Likita ya gaya masa idonsa na hagu ya taɓu, in naushi ɗaya ya ƙara sauka a wurin, idon ya tafi ke nan. Amma idan takardarku ta je, zai ɗaura zare a hannu ya shiga, domin ya yi rantsuwa ba zai taka mashigin nan ba sai ya rama, tunda a ganinsa mai nasara kaɗai garin nan yake tarya. Iyayena, suna yana dawowa, ido ba ya dawowa. Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, balle hannun da bai ruɓe ba, faɗuwa kawai ya yi.

Kuna tambaya, to me zai yi in ya bar dambe? Ni ban san manyan abubuwa ba. Amma na san jirgin mahaifinmu yana kife ƙarƙashin tsamiya. Na san ciyawar kacalla ta toshe hanyar ruwa, Sarkin Ruwa kullum yana neman masu ƙarfi. Na san samari irin su Bala suna naushin buhun yashi a bayan gari ba mai nuna musu yadda ake tsayuwa. Idan yana da ido biyu, aiki ba zai ƙare masa a nan ba.

Roƙona shi ne a ajiye takardar nan. A aika masa da wani abu daban.

Wayar nan da ke hannuna a kunne take tun da na tashi. Yayana ne a kan layi, shi ya ce in bar ta haka, ya ji ko akwai wanda zai kira sunansa. Yaya Munzali, ka yafe mini, na tona maka asiri. Na duba yanzu, bai kashe ba.

Baba Haladu, ga kalangunka a kafaɗa. Inna tana bayan zana, ita ta ce in gaya maka zuciyarta ba za ta karye ba. Idan na gama addu'a zan matso da wayar kusa da kai.

Allah Ya saka wa shugabanninmu da alheri. Allah Ya albarkaci ruwanmu da fadamarmu. Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya dawo da kowane ɗan garin nan gida da ƙafarsa da idonsa. Allah Ya mayar da kowa ɗakinsa lafiya.

Na gode.