Marar Lafiyar da Ba Ya Jin Kunya

A tashar Ƙanƙara, ana jiran motar Sabuwa ta cika, Malam Mani ya leƙa wayar budurwar da ke zaune gefensa.

"Ɗiyata, wa kike ta yi wa tambayoyi haka?"

"Marar lafiya ne na kwamfuta, Baba. Likitanci nake karantawa. Ina tambayarsa, yana faɗin abin da ke damunsa, ni kuma in gano cutar."

"In kin kuskure fa?"

"Sai ya mutu, in sake daga farko."

Dattijon ya sake leƙa wayar.

"In kin ce masa ya jiki, mi yake cewa?"

"Komai yake faɗi, ba ya ɓoyewa."

"To, ba mutumin ƙasar nan ba ne. Mai ɗakina ta yi wata uku tana zubar da jini. Likita ya ce ya jiki, ta ce da sauƙi, don ina tsaye a wurin. Ya rubuta maganin zazzaɓi, muka dawo gida."

"Yanzu ya jikin nata?"

"Jiya aka yi sadakar arba'in."

"Allah ya jiƙanta, Baba."

"Amin. Ki gaya wa malamanku su koya wa na'urar nan kunya. Ke kuma, duk ranar da mace ta ce miki da sauƙi, ki fitar da mijin waje, ki sake tambayarta."