Kada a Datse Gefen Shafi

A rumfar mai ɗinkin littattafai, wata mata ta miƙa Littafi Mai Tsarki da ya wargaje. Wani dattijo yana tsaye a bayanta, da nasa a hammata.

"Sabon bango kawai za ka sa," in ji ta. "Kada ka datse gefen shafukan, rubutuna yana wurin."

Dattijon ya leƙo. "Baiwar Allah, wa ya ba ki izinin yi wa Maganar Allah sharhi? Ai aikin fasto ne, shi ya yi karatun."

"Baba, faston namu ya hau mumbari ya ce zunubin iyaye ne ya hana 'yata gani. Na miƙe na karanta masa labarin makahon da Yesu ya ce ba laifin iyayensa ba ne. Wata biyar ke nan ina bencin baya, an hana ni cin jibin Ubangiji."

"Kin ji ai! In kowa zai fassara da kansa, ina ikilisiya? Shekara talatin ina dattijon coci, ban taɓa ja da fasto ba. Ki je ki ba da haƙuri."

"Haƙurin me? Ni na rubuta ayar?"

Mai ɗinki ya karɓi na dattijon ya buɗe. Bangon ya sha gumi har ya saɓule, amma shafukan fari fat, wasu ma manne suke da juna tun daga kanti.

Matar ta kalli littafin, ta kalli mai shi.

"Baba, naka kam a datse son rai. Babu abin da za ka rasa."