Takardar da Na Naɗe Taba a Cikinta

'Yan'uwa, ina gaishe ku da sunan Yesu Mai Cetonmu. Sunana Dauda, mai garkar tattasai a bakin kogin Komadugu. Ku yi haƙuri da ni, ba na iya gajarta labari.

A Damagaram aka haife ni. Mahaifina ne ya koya mini ajami, kuma kafin ya ba ni alƙalami ya ba ni doka guda: takarda mai rubutu ba ta zama a ƙasa, ba a ƙunsa ƙosai a cikinta. Bayan na karɓi Almasihu na zo Difa, amma dokar nan ba ta bar ni ba. Har yau in na ga takarda a hanya sai na duƙa na ɗauke.

Abu na biyu da ya biyo ni shi ne sigari. Shekara talatin da ɗoriya ina sha, kuma ina da hujjoji. Ina cewa tana korar sauron bakin kogi, tana kashe yunwa in aiki ya yi yawa, tana ɗumama ƙirji in na shiga ruwa gyara tiyon injin ban ruwa. Maƙwabcin garkata, Ba Modu, dattijon Babarbare ne, musulmi, abokina na gaske. Yakan ce, "Malam Dauda, sauron nan ya saba da kai. Hayaƙin ne ma ke nuna masa inda kake."

Sai tari ya zo ya zauna. Daga baya numfashi ya soma gajarta. Tafiyar da nake yi daga gida zuwa garka ba tsayawa, ta koma sai na zauna sau uku. A majami'a ina buɗe baki kawai, wasu na rera waƙa.

Matata Saratu ta ja ni likita. Majo, babban ma'aikacin jinyar wurin, ya ɗaga hoton ƙirjina ya ce, "Baba, ba tarin fuka ba ne, hayaƙi ne ya ci huhun. Abin da ya lalace ba ya dawowa. In ka bari yanzu, sauran zai riƙe ka. In ba ka bari ba, ka yi ban kwana da garka."

Na tsorata. Da muka dawo na zauna na rubuta addu'a da ajami, layi bakwai, ina roƙon Ubangiji ya raba ni da taba. Na ninke na sa a aljihu. Saratu kuwa ba ta tsaya nan ba. Ta bi masu tebur na unguwarmu ɗaya bayan ɗaya. Da na je neman sigari wurin na farko, sai ya ce, "Maman ta zo, Baba. Ga minti dai."

Kwana huɗu na daure. Rana ta biyar da hantsi wani masunci ya biyo ta garka da ganyen taba a ƙunshi. Na roƙa, ya ba ni. Babu abin naɗewa. Na laluba aljihu, na ji takarda, na zaro ba tare da na duba ba. Na zuba, na naɗe, na lasa bakinta, na kai leɓe, na ƙyasta ashana.

Ba Modu na tsaye a kan kunya da fartanya. Ya ce, "Malam, a wurinmu dai wanke rubutu ake yi. Ku zuƙarsa kuke yi?"

Na dubi abin da ke bakina. Rubutuna ne. Sunan Yesu Almasihu ya zagaye naɗin, da tawadata, tazarar yatsa ɗaya tsakaninsa da wuta. Ni da nake tsince takardun wasu a hanya, ga ni zan cinna wa addu'ata wuta in shaƙe ta. Ashanar ta ci har ta ƙone mini yatsa.

A nan na gane ba sauro ba ne, ba sanyi ba ne, ba yunwa ba ce. Bawa ne ni.

Na durƙusa tsakanin kunyoyin tattasai. Na warware takardar, tabar ta zube a laka. Na karanta layin bakwai da ƙarfi, ina tari ina kuka. Da suka ƙare na ƙara na takwas da baki: "Ubangiji, ni na kasa. Kai ka yi." Ba Modu ya ajiye fartanyarsa. Ya je ya kashe mini injin, ya zauna nesa har na gama.

Ba zan ce kwaɗayin ya ɓace ranar ba. Wata biyu ina faɗa da kowa, har da akuyar Saratu. Na tauna asuwaki kamar zan cinye itacen. Amma duk lokacin da hannuna ya tafi aljihu, takardar nan yake tararwa, sai in karanta. Tun ranar ban sake kai taba bakina ba. Kakar tattasai biyu ke nan. Yabo ga Ubangiji!

Majo ya yi gaskiya, huhun bai koma sabo ba, ina shan magani. Amma yanzu sau ɗaya nake zama a hanyar garka, shi ma don in gaisa da mutane. Na gano miyar Saratu tana da ƙamshi. Na faɗa mata, ta ce, "Shekara talatin, Maigida, sai yau?" Kuma kun ji wata murya mai kauri a layin baya da safen nan. Tawa ce, ku gafarce ni.

Ga takardar. Ku dubi lanƙwasar naɗin, ga tabon taba a gefe. Wuta ba ta taɓa ko wasali ɗaya ba.

Ɗan'uwa, in akwai abin da hannunka ke nema a aljihu kana jin kunya, ka je likita, ka faɗa wa na gida, ka kai wa Yesu. Wanda ya ji ni a cikin laka zai ji ka. Godiya ta tabbata gare shi har abada. Amin.