Sunan Inna a Takardar Neman Aikina

Akuya ce ta kai ni Abuja. Ku daina dariya, ba hawanta na yi ba, sayar da ita na yi. Jar akuyata ce mai haihuwa bibbiyu, wadda na saya da ribar ƙuli-ƙuli tun mahaifin su Ummi yana da rai. Ranar kasuwar Tsanyawa aka ja ta tana kuka, ni ma ina yi a zuci. Kuɗin na ƙulle a haɓar zani, ƙulli uku, har na sauka a Mararraba ta bakin Abuja hannuna yana kansu.

Ke Zainabu, ajiye wayar nan ki ci gaba da ɓarar gyaɗa, hannu yana aiki kunne yana ji. Saboda ke ma na ɗauko labarin, tunda ke kika zo kina tambayata lambar kansila, wai za ki sa shi a takardar neman aikinki ya tsaya miki. Kansilan ya taɓa ganin aikinki? Ko sunan babanki ya sani?

Lokacin da abin ya faru, shekara guda ke nan da rasuwar maigidana. Aka raba gona. Kun dai san gonakinmu na nan, in ka tsaya a tsakiya ka yi atishawa, maƙwabta huɗu ne za su amsa maka. Abin da ya zo hannun 'ya'yana uku ba zai kai mu ko tsakiyar rani ba. Da aka gama girbi sai na ce zan tafi ci-rani kamar yadda maza suke tafiya, in nemi aikin girki, tunda shi na iya.

Inna, uwar mijina, kakar Ummi, ta ɗago ta dube ni.

"Wa zai ci girkinki a birni, Talatu? Ni ma don ba ni da yadda zan yi ne."

"Za a samu, Inna."

"Kafin ruwan shuka za ki dawo. Ba akuya, ba aiki, sai baki."

Da na fito zaure na rantse wa kaina ba zan dawo garin nan hannu rabbana ba. Ku da kuka tarar da ita ta tsufa ba ku san Inna ba. Shekara goma sha ɗaya ina yi mata girki, ko sau ɗaya ba ta taɓa ce mini an gode ba. Tuwo ya yi tauri, miya ta yi gishiri, kunu ya yi ruwa. In na kai mata wake sai ta sa yatsa ta yi ta tonawa kamar mai neman allura. A hannunta na bar yaran na tafi.

A Mararraba na sauka wajen Asabe, wata 'yar garinmu mai soya awara a bakin titi. Ɗaki ɗaya, in ɗaya ta miƙe ƙafa sai ɗaya ta naɗe. Mai gidan kuma wani ƙato ne, wai shi Landilodi. Na ɗauka sunansa ke nan, har ina cewa wane irin uba ne ya raɗa wa ɗansa wannan suna, ashe mai gidan haya ake nufi da Turanci. Kwana biyu da zuwana na haɗa murhu a bayan ɗaki, sai ga shi yana huci.

"Hayaƙinki zai ɓata mini bango!"

"Wane bangon? Wannan da na tarar kamar gindin tukunya?"

"Zan kore ku!"

"To bari dambun ya nuna tukuna."

Da ya nuna na zuba masa a kwano. Ya ci a tsaye, ya dawo da kwanon a wanke, bai sake maganar bango ba.

To, sai neman aiki. Duk ƙofar da na ƙwanƙwasa sai a ce, "Ina sibinki?" Na ce wa Asabe, mene ne kuma sibi, ciwo ne ko takalmi? Ta ce takarda ce da ake rubuta tarihin mutum da abin da ya iya. Ta kai ni wani shago da suke kira bizines santa, wajen wani Malam Bala mai kwamfuta. Ko kallona bai yi ba. Ya tambayi sunana da garinmu, ya ƙwanƙwasa, inji ya yi gurnani, sai ga shafi uku cike da Turanci. Na ce a raina, ikon Allah, mutumin da bai tambaye ni komai ba sai suna da gari ya san tarihina har shafi uku. Na rungumi takarda na fita ina taƙama.

Wani otal na fara kaiwa. Aka ce in shiga intabiyu, wato a zaunar da kai a yi maka tambayoyi kamar wanda ya yi sata. Manajan Bahaushe ne, saurayi, ya shaƙe wuya da laktaye. Ya karanta, ya dube ni, ya sake karantawa.

"Baba, an ce kina da difloma a girkin Turawa."

"Ni?"

"Kin yi shekara biyar a babban otal a Kano."

"Ni Kano asibiti kawai na sani da tasha."

"Kuma wai in kin samu hutu, iyo kike sha'awa."

"Iyo? A rijiyar gidanmu?"

Ya ja durowa ya fito da takardu uku ya jera mini. Duk irin tawa ce sak, suna kawai aka canza. Ashe mu huɗu muka yi aiki a otal ɗaya, mu huɗu muke iyo. Ya yi dariya har da buga tebur, 'yan matan da ke ƙofa suna taya shi. Wallahi na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Ba ni na rubuta ba, amma hannuna ne ya miƙa. Ranar na tabbatar kayan aro ba ya rufe katara.

Ban koma ɗaki ba. Shagon Malam Bala na nufa, na dire masa takardar a kan kwamfuta.

"Wa ya ce ka yi mini ƙarya?"

"Hajiya, haka kowa yake yi. In na rubuta ke 'yar ƙauye ce mai tuƙa tuwo, wa zai dube ki?"

"Tuwon ne abin kunya? Kai me ka ci ka girma, kwamfuta?"

Masu jiran layi suka kwashe da dariya. Na jawo benci na zauna na ce yau ni zan faɗa kai ka rubuta, kuma kowane layi ka karanta mini da Hausa in ji. Asabe ta riga ta gaya mini wata makarantar kwana tana neman mai dafa wa yara abinci, don haka na san inda na dosa.

Na ce rubuta: makarantar boko na tsaya a aji shida na firamare. Ya ce a ɓoye wannan. Na ce a rubuta. Rubuta: duk kaka ni nake dafa wa 'yan gayya abinci a unguwarmu, maza hamsin zuwa sittin, kuma kafin azahar yana gona da zafinsa. Rubuta: biki da suna, ni ake ba wa tukunya, in aka gaya mini yawan mutane na san kwano nawa zan auna, ba ya kasawa, ba ya yin kwantai. Rubuta: na iya ajiye wake da toka da barkono ya shekara ƙwaro bai taɓa shi ba. Rubuta: garinmu itace tsada gare shi, da kara nake dafa babbar tukunya, don haka ba na ɓarnar makamashi.

Ya ce, "To hobi fa? Abin da kike yi in kin huta?"

Na ce, "Ranar da na huta zan zo in gaya maka."

Duka shafi ɗaya ya ci. Ya ce ya yi kaɗan. Na ce mai neman kuku ba tatsuniya ya zo karantawa ba.

Sai muka zo kan magana mai nauyi. Ya ce a ƙasa ana sa rafari, ba mai busa usur a ƙwallo ba, mutumin da za a kira ya ba da shaida a kanki. Ya ce in ba shi sunan wani babba, Alhaji ko kansila ko dagaci. Yana ma da wani farfesa da yake sa wa kowa.

Na fara lissafa mutane a raina. Dagaci bai taɓa shiga madafata ba. Maigidana da ya san aikina yana ƙasa. Mutum ɗaya ce ta rage a duniya wadda ta ci girkina safe da dare, ta san shi ciki da bai. Kuma ita ce ta ce zan dawo kafin ruwan shuka. Kalma ɗaya za ta faɗa a waya in koma gida ba akuya ba aiki, maganarta ta tabbata. Na ji tsoro, ba zan ɓoye muku ba. Amma na riga na sha kunyar ƙarya da safe, ban ga dalilin sake shan ta da yamma ba.

"Sa uwar mijina."

"Uwar miji? Hajiya, kina da lafiya? To mene ne sunanta?"

Nan fa ake yin ta. Tunda aka kawo ni gidan nan bakina bai taɓa furta sunan Inna ba, ba kuwa zan fara a shagon kwamfuta ba. Na karɓi biro na rubuta masa a bayan tsohuwar takardar, da rubutuna mai kama da tafiyar kaza, na haɗa da lambar 'yar wayarta mai ɗaurin kyauro.

Shugabar kicin ɗin makarantar wata mata ce, Madam Rifkatu, 'yar Filato, Hausa a bakinta kamar ta Kano. Takardu sun yi tsibi a gabanta. Ta ɗauki tawa ta karanta har ƙasa, ta ce, "Da kara?" Na ce da kara. Ta ce, "Wake da toka?" Na yi mata bayani. Sai ta sa yatsa a layin ƙarshe.

"Uwar mijinki? Ban taɓa gani ba. Kuna shiri?"

"Ba ma shiri."

"To me ya sa kika sa ta?"

"Ita ta san aikina."

Ta buga lambar nan take, ta buɗe murya ta ajiye wayar a kan tebur. Ina jin kukan kajin gidan nan, har da muryar autana yana rigima. Madam ta gaida ta, ta faɗi ko ita wace ce da abin da ya sa ta kira.

"Ni ta sa?" in ji Inna. "Duk mutanen duniya ta rasa wanda za ta sa sai ni?"

"Ke ta sa, Mama. Yaya halinta?"

"Taurin kai, jaki ma ya sara mata. Baki kuwa, ka faɗi ɗaya ta faɗi uku. In tana girki ba ta son kowa ya sa mata hannu. Ga shi ta tafi ta bar tsohuwa da 'ya'ya uku."

Na sunkuyar da kai. Na ce shi ke nan, jar akuya ta tafi a banza.

"To girkinta fa, Mama?"

Inna ta gyara murya.

"'Yar nan, na tsufa, ba zan je wa Allah da ƙarya ba. Shekara goma sha ɗaya ina neman tsakuwa a wakenta, kuma da gangan nake nema, ban samu ko ɗaya ba. Hatsin da na auna mata na wata guda sai ya haura wata, kuma ba wanda ya taɓa kwana da yunwa a gidana. In ba za ku ɗauke ta ba ku turo mini abata, tunda ta tafi ban sha miyar kirki ba." Sai ta rage murya. "Amma kada ki gaya mata na faɗi haka, kanta zai ƙara girma."

Madam ta ce, "Ba zan gaya mata ba, Mama." Ta kashe wayar. Ni kuwa hawaye ya riga ya jiƙa mini mayafi. Ban yi kuka a otal ba da ana yi mini dariya, amma ranar na yi, a gaban matar da ban sani ba.

Washegari na kama aiki. Shekara huɗu na yi ina dafa wa yaran nan, ina zuwa gida duk hutu. Da na dawo gaba ɗaya, injin niƙan da kuke ji yana damun unguwa na zo da shi, kuma garken da ke bayan ɗakin nan da wata jar akuya na fara shi, don ramuwa. Ranar da na sauka na dafa wa Inna wake. Ta sa yatsa ta tona, ta ɗanɗana, ta ce gishiri ya yi yawa. Ta cinye tas, har da suɗe kwano.

Ku rage dariya mana, tana ɗaki, kuma kunnenta ya fi na kowa a gidan nan. Har yau ba ta san na ji ba, duk wadda ta gaya mata sai na saɓa mata.

Don haka Zainabu, goge kansilan nan. Ina malamar nan taku da kike cewa ta matsa miki lokacin koyon aikin koyarwa, wadda ta sa kika sake rubuta darasi sau uku? Ita za ki sa. Ki je ki gaishe ta ki nemi izininta, kada ki yi irin nawa. Ki rubuta abin da hannunki ya yi, ki karanta kowane layi da idonki kafin ki miƙa.

"Talatu! Surutu kika zauna yi da yara, waken yana can yana kamawa?"

Kun ji ta ko? Waken bai kama ba, ta sani, na sani. Ummi, miƙo mini ludayi.

"Ga ni nan, Inna!"