A Buɗe Duro Na Huɗu

Mai girma Shugaban Ƙungiyar Hausawa Mazauna Tottenham, ginshiƙin wannan zaure kuma mai riƙe da makullinsa. Mai girma Uwar Kwamitin Agaji, Hajiya Memunatu, garkuwar raunana, wadda ba a ɗaure kaya sai da izininta. Maƙwabciyarmu Madam Beverley. Likitocinmu, ɗalibanmu, da yaranmu da ake yi wa Hausa su amsa da Turanci: assalamu alaikum.

Ni Fa'iz, ƙaramin cikinku, ina godiya da minti biyar ɗin da aka sam mini kafin mota ta kwashi durorin agajin nan shida zuwa tashar jirgin ruwa. Roƙona guda ne: kada duro na huɗu ya fita ƙofar nan ba a buɗe shi ba.

Da farko, masifar. Mahaukaciyar guguwa ta taso daga teku ta afka wa ƙauyen masuntan da aka haifi Madam Beverley, can Karebiyan. Ta yaye kwano, ta tumɓuke bishiyoyi, ta tura ruwan gishiri cikin rijiyoyi. Kwale-kwalen yayanta, abin sana'arsa na shekara talatin, a harabar makaranta aka tsince shi ya rabe biyu. Mutanen nan ba su zauna jiranmu ba. Suna tono tsofaffin ƙusoshi daga baraguzai, suna miƙar da su da dutse, suna rufe gidaje ɗaya bayan ɗaya, kuma da na tsofaffi suka fara. Da muka tambaye ta abin da ake buƙata, abu huɗu ta lissafa: tamfol, ƙusa, fitila, da abin tace ruwa.

Na biyu, amsarmu, wadda tarihi zai rubuta da ruwan zinare. Mun ba da ankon bikin da ango da amarya ma sun manta da shi. Mun ba da takalma wari-wari. Alhaji Hamdan ya sadaukar da hita ta ɗumama ɗaki, wadda ko a flat ɗinsa ta daina aiki tun kafin korona, ga garin da babu lantarki. Mun tara rigunan sanyi arba'in ga tsibirin da ake zufa a inuwa. Tamfol kuwa biyu ne rak, kuma Dalyop direban bas ne ya kawo su, mutumin da ba ɗan ƙungiya ba, wanda muka roƙa ya matsa gefe lokacin ɗaukar hoto. Da kunnena na ji Anti Fauziyya tana cewa, "Wallahi na ji daɗi, wardrobe ɗina ya yi free." Allah ya ba da ladan wannan gagarumar shara.

Na uku, duron da nake magana. Ranar Asabar an cika shi, ya rage ɗan gurbi a sama, Hajiya Memunatu kuwa ba ta yarda duro ya tafi da gurbi. Ta ɗaga kai ta ga baƙar kwat a rataye bayan ƙofa. Na fito daga alwala na ce, "Anti Memunatu, ina kwat ɗina?" Ta ce, "Abin da ya shiga duro ya zama na Allah. Saurayi kamarka, me sanyi zai yi maka?"

Ya ku jama'a, Nuwamba muke ciki. Kwana uku ke nan ina shiga tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, da shadda zalla, haƙorana na kaɗawa. Makullin ɗakina na aljihun dama na kwat ɗin, shi ya sa nake kwana a kujerar abokina a Stratford, shi ma ya fara tambayar yaushe zan tafi. A buɗe duron nan, a ciro kwat ɗina, a cike gurbin da ƙusa, masunta su amfana, ni ma in ɗumama.

Allah ya mayar musu da abin da teku ya ƙwace, ya tsare rufinsu daga iska mai zuwa, ya kai kowa gida lafiya, ya kuma tausasa zuciyar Anti Memunatu kafin direba ya iso.

Na gode.