Maganin Ciyawa a Robar Zoɓo

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki, ya iyali? Ni ce Maman Ummi daga Hunkuyi. Don Allah a karanta wannan iyaye su ji.

Ina sayar da zoɓo a gida. 'Yata Ummi, mai shekara huɗu, kullum kwaikwayona take, ta jera robobi tana "a sayi zoɓo". Rannan ina tankaɗe a tsakar gida, sai na ji tana ce wa ƙanenta Sadiku, da bai daɗe da fara tafiya ba, "Buɗe baki, mai sanyi ne." Wani wari ya bugi hancina. Ina waigawa na ga kofi dab da bakin yaron. Ban san lokacin da na yi tsalle na doke kofin ba.

Malam, ashe maganin ciyawa ne! Babansu ne suka raba galan ɗaya da maƙwabcinmu, ya juye kasonsa a robar zoɓona, ya ajiye bayan randa. Innalillahi! Da na yi masa magana, wai duk manoman garin nan haka suke yi.

A ba ni shawara, yaya zan yi ya gane? Ina gaida matan unguwarmu, ku leƙa bayan randunanku yau ɗin nan. Ita kuwa Ummi har yanzu fushi take da ni, wai na kore mata mai saye.